Hans Zimmer da Mutanen da Ke Cikin Kiɗansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani mutum da ɗimbin masu kallon finafinai a cikinmu suka sha jin aikinsa ba tare da sun san sunansa ba, wato Hans Zimmer, Bajamushen da ya tsara kiɗan The Lion King da Gladiator da Inception da Interstellar da Dune. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani guntun labari game da shi da matasa ke ta yaɗawa a Facebook da WhatsApp, wanda ke cewa mako biyu kacal ya yi yana ɗaukar darasin fiyano, makarantu takwas suka kore shi, amma ga shi yau duniya ta sallama masa. Daga nan sai a rufe da cewa wanda Allah ya yi wa baiwa ba ya buƙatar malami. Maganar mako biyun da ta korar daga bakinsa suka fito, ba ƙage aka yi masa ba. Sai dai darasin da ake cirowa daga cikinsu ya yi hannun riga da tarihin mutumin, domin duk wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai tarar da cewa ya yi zaman koyo na shekaru a ƙarƙashin ubangida, kuma babu wani babban aikinsa da ba a jin hannun waɗansu mutane ko muryarsu a ciki.

An haifi Hans Florian Zimmer a birnin Frankfurt da ke tsohuwar Jamus ta Yamma ranar 12 ga Satumba, 1957. Mahaifinsa injiniya ne mai ƙirƙire-ƙirƙire, kuma ya rasu yaron yana da shekara shida. Mahaifiyarsa mai son kiɗa ce, Bayahudiya da ta tsira daga mulkin Hitler saboda ta gudu Ingila a 1939, asalin da Zimmer bai fito fili ya faɗa ba sai a 1999 a wajen bikin finafinai na Berlin. Ya tashi a gidan da akwai fiyano, akwai kuma halin tura yaro makarantar kwana a Suwizalan, daga baya kuma makarantar Hurtwood House a Ingila. Masu yaɗa labarin kora ba sa faɗin cewa bayan kowace kora akwai wata makarantar da aka iya biya masa, kuma wannan gata ne da ɗan talakan da ke karanta labarin a wayarsa ba shi da shi. Shi da kansa ya ce kiɗan da Ennio Morricone, ɗan Italiya, ya yi wa fim ɗin Once Upon a Time in the West ne ya fara sa masa sha'awar wannan sana'a tun yana yaro.

A Landan ya fara neman abinci a shekarun 1970, a daidai lokacin da na'urorin haɗa sauti masu aiki da lantarki suka fara yawa, alhali waɗanda suka iya sarrafa su ba su taka kara sun karya ba. Zimmer ya iya, saboda haka ya riƙa samun aiki da ƙungiyoyin mawaƙa daban-daban, har ma ana hango shi na ɗan lokaci a bayan na'urorinsa a bidiyon waƙar ƙungiyar The Buggles ta 1979, bidiyon da tashar MTV ta buɗe shirye-shiryenta da shi a 1981. Ya kuma daɗe yana rubuta kiɗan talla a kamfanin Air-Edel, aikin da ke koya wa mutum ya isar da saƙo cikin daƙiƙa talatin, ya kuma gama a ranar da aka ce ya gama.

Mutumin da ya kamata a fara ambata a duk labarin Zimmer shi ne Stanley Myers, ɗan Ingila da ya riga ya yi suna a kiɗan fim, wanda aka fi saninsa da kiɗan jitar da ke cikin The Deer Hunter. Shi ne ya ja saurayin a jiki a farkon shekarun 1980, suka buɗe sitidiyon Lillie Yard tare a Landan, suka yi finafinai irin su Moonlighting a 1982 da My Beautiful Laundrette a 1985. Zimmer yakan ba da labari cikin raha cewa Myers ya sayi injin dafa gahawa wanda ya gagare shi sarrafawa, sai ya zamana shi ne mai dafa gahawar, Myers kuma yana nuna masa yadda ake rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa kiɗa, da yadda ake zama da darakta a fahimci abin da yake so ko da ya kasa faɗa. Wannan ai koyon sana'a ne a hannun gwani, kuma ya ɗauki shekaru. Wanda ya ce Zimmer bai yi malami ba ya ci haƙƙin Myers, wanda ya rasu a 1993 bai ga almajirinsa ya karɓi lambar Oscar ba.

Ƙofar Amurka kuwa labarin Afirka ta Kudu ne ya buɗe masa ita. A 1988 ya yi kiɗan A World Apart na Chris Menges, fim ɗin da Shawn Slovo ta rubuta a kan ƙuruciyarta a gidan iyayenta, Ruth First da Joe Slovo, masu yaƙi da mulkin wariyar launin fata. Matar darakta Barry Levinson ta ji faifan kiɗan, ta sa mijinta ya saurara, shi kuma ya nemi Zimmer har Landan ya ba shi Rain Man. A wancan zamani al'adar Hollywood ita ce a cika irin wannan fim da sautin goge mai sa hawaye, amma Zimmer ya kauce wa haka, ya yi amfani da na'urorinsa da ganguna, domin a ji duniya kamar yadda baƙuwa take a kunnen jarumin fim ɗin. Aikin ya sa sunansa ya shiga takarar Oscar a karo na farko. Shekara guda bayan haka ya yi Driving Miss Daisy, inda dukkan kiɗan daga na'ura ya fito duk da cewa mai saurare zai rantse makaɗa ne suka taru. Finafinan biyu, ɗaya bayan ɗaya, suka lashe lambar fim mafi kyau na shekara.

A nan ne nake so in ɗan daɗe, Malam Edita, domin The Lion King shi ne aikinsa da yara da manya suka fi sani. A 1992, lokacin da yake aikin The Power of One, wani fim ɗin da shi ma a kan Afirka ta Kudu yake, Zimmer ya haɗu da Lebohang Morake, wanda aka fi sani da Lebo M, ɗan Soweto da gudun hijira ya kai shi Los Angeles. Da kamfanin Disney ya ba shi The Lion King, sai ya sa aka nemo masa Lebo M. Aka yi masa bayanin yadda fim ɗin zai buɗe, rana na fitowa, dabbobi na taruwa domin ganin ɗan sarki, ya tsaya gaban makirufo ya ɗaga murya da harshen Zulu. Wannan kiran da ya fara fita daga bakinsa a ɗaukar gwaji shi ne wanda aka bari a fim ɗin, shi ne kuma abin da duniya ta haddace. Lebo M ne ya tsara waƙoƙin amshi na Afirka, ya kuma jagoranci mawaƙan da suka rera su, yayin da Elton John da Tim Rice suka rubuta waƙoƙin da jaruman ke yi. Rabon Zimmer shi ne kiɗan da ke bin labarin daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba ƙaramin rabo ba ne. Ya ce da farko ya karɓi aikin ne domin ya sami fim ɗin da zai iya kai 'yarsa ƙarama ta kalla, sai da ya zo wurin mutuwar uban zakin ya ga ashe labarin yaro ne da ya rasa mahaifi, sai ya rubuta wa wurin kiɗan makoki na gaske, irin wanda bai taɓa samun yi wa nasa mahaifin ba. Duk wanda ya sake kallon wannan wuri ya kasa kunne zai ji cewa nauyin kiɗan ya fi ƙarfin fim ɗin yara. Fim ɗin ya fito a 1994, aka ba Zimmer lambar Oscar a 1995, kuma ya cancanta. Amma idan aka cire muryar Lebo M daga mintin farko, ban ga yadda sauran zai tsaya da irin wannan ƙarfi ba.

Ba zan wuce wannan fim ba tare da ambaton Solomon Linda ba, ko da yake babu hannun Zimmer a lamarinsa. Linda mawaƙin Zulu ne da ya ɗauki waƙarsa Mbube a 1939, waƙar da Amurkawa suka sauya wa kama ta zama The Lion Sleeps Tonight, aka kuma sa ta a The Lion King. Ya rasu a 1962 cikin talauci, sai da iyalinsa suka shigar da ƙara a 2004 kafin a sasanta da su a 2006. Na kawo shi ne domin a ga cewa batun wa aka rubuta sunansa a kan aiki batu ne na kuɗi da gado, ba na yabo kawai ba.

Wannan batu shi ne ya fi bin Zimmer a duk tsawon aikinsa. Tun a ƙarshen shekarun 1980 ya kafa kamfanin Media Ventures tare da abokinsa Jay Rifkin a Santa Monica, wanda bayan sun ɓata aka sauya masa suna zuwa Remote Control Productions. Gini ne mai ɗakunan sitidiyo da yawa, inda matasan masu tsara kiɗa ke shiga a matsayin mataimaka, su fara da ƙananan ayyuka, a ba su wani yanki na fim su rubuta, har wata rana su sami nasu fim ɗin. Tsarin ya yi kama da na makaɗan fada a ƙasar Hausa, inda uban kiɗi ke da suna, 'yan amshi da masu ganga kuma ke ɗauke da rabin aikin, wanda ya yi haƙuri a cikinsu ya gaji gidan ko ya kafa nasa. Daga wannan gida John Powell ya fito, da Harry Gregson-Williams, da Steve Jablonsky, da Lorne Balfe, da Ramin Djawadi, wanda shi ma a Jamus aka haife shi, wanda ya yi kiɗan Game of Thrones. Zimmer yakan ce abin da Myers ya yi masa ne yake ramawa.

Masu suka suna da tasu hujjar. Suna cewa idan mutum ɗaya na fitar da finafinai da yawa a shekara guda, dole a tambayi nawa ne ya rubuta da hannunsa, kuma mujallar Vanity Fair ta buga dogon rahoto a 2022 a kan masu rubuta kiɗa a ɓoye a Hollywood, inda kamfaninsa ya shiga cikin waɗanda aka tattauna. Akwai misalai da ke nuna cewa lamarin ba fuska ɗaya gare shi ba. A Gladiator na 2000, muryar da kowa ke tunawa ta Lisa Gerrard ce, 'yar Ostareliya, wadda ta rubuta kiɗan tare da shi, busar mai sa kewa kuma ta Djivan Gasparyan ce, ɗan Armeniya, da wata irin algaitarsu mai taushin murya da ake kira duduk. Zimmer da Gerrard sun karɓi lambar Golden Globe tare, amma da aka zo takarar Oscar sunansa kaɗai hukumar ta amince da shi. A Pirates of the Caribbean na farko a 2003 kuwa abin juyewa ya yi, domin shi ne ya zana manyan karin kiɗan, amma da yake ya riga ya ɗaure kansa da aikin The Last Samurai, sai sunan Klaus Badelt, ɗaya daga cikin masu tsara kiɗa na kamfaninsa, ya fito a kan allo. A 2008 hukumar Oscar ta fara cire kiɗan The Dark Knight daga takara saboda an rubuta sunayen mutum biyar a takardar haƙƙin mallaka, har da mataimakan da Zimmer da James Newton Howard, wanda suka tsara kiɗan tare, suka sa domin su ma su sami kasonsu na kuɗi, sai daga baya ta janye hukuncin. A ganina laifin ya fi rataya a wuyan masana'antar da ke son a ce gwarzo ɗaya ne ya yi komai, domin suna ɗaya ya fi saurin sayar da tikiti. Duk da haka mai gidan da ya fi kowa cin moriyar tsarin ba zai ce babu ruwansa ba, kuma akwai gaskiya a ƙorafin cewa almajiransa sun yi yawa har finafinan faɗa na Amurka suka koma kusan sauti ɗaya, ganga mai nauyi da ƙaho mai girgiza kujera.

Hatta ayyukansa da aka fi yabawa saboda sabon tunani, da hannun darakta a ciki. Kafin Christopher Nolan ya fara ɗaukar Interstellar, ya miƙa wa Zimmer takarda shafi ɗaya da aka buga da tafireta, mai ɗauke da ɗan labarin uba da zai bar ɗansa domin wani muhimmin aiki, bai gaya masa cewa fim ɗin na sararin samaniya ne ba, ya ce ya ba shi aikin yini guda ya kawo duk abin da ya samu. Zimmer ya zauna ya rubuta ɗan gajeren kiɗa yana tunanin nasa ɗan, Nolan ya zo ya saurara, sannan ya bayyana masa girman fim ɗin, da kuma cewa yaron da ke cikin labarin mace ce. A kan wannan ɗan kiɗa aka gina sauran, aka je cocin Temple da ke Landan inda Roger Sayer ya kaɗa shi a kan ogan, wato ƙaton fiyanon coci mai bututun iska, wanda numfashinsa ake ji a duk tsawon fim ɗin na 2014. A Dunkirk na 2017 ma, ƙarar agogon da ke hana mai kallo sakat daga agogon aljihun Nolan aka ɗauko ta.

Akwai kuma inda nake da ƙorafi na kaina, kuma ya shafe mu kai tsaye. A 2003 Zimmer ya yi kiɗan Tears of the Sun na Antoine Fuqua, inda Bruce Willis ya fito a matsayin sojan Amurka da ya shigo Nijeriya ceton wata likita. Labarin ƙirƙira ne na juyin mulki da yaƙin basasa, an nuna Fulani Musulmi a matsayin 'yan tawaye masu kisan gilla, Ibo Kiristoci kuma a matsayin waɗanda ake farauta, kuma a tsibiran Hawaii na Amurka aka ɗauki fim ɗin. Ba Zimmer ya rubuta labarin ba, amma kiɗansa ne ke gaya wa mai kallo wa zai tausaya wa, wa kuma zai ji tsoro, kuma ya yi wannan aiki da ƙwarewar da ta sa ƙaryar ta fi shiga rai. Muryoyin Afirka da ya sa a ciki kuma na Lebo M ne da salon amshin Afirka ta Kudu, wanda ɗan Nijeriya na kudu ko na arewa ba zai ji shi a matsayin nasa ba. Shekara biyu kafin nan, a Black Hawk Down, wanda ke ba da labarin faɗan Mogadishu na 1993, muryar da ta wakilci Somaliya ta Baaba Maal ce, Bafulatanin Senegal daga garin Podor, wanda tsakaninsa da Mogadishu akwai faɗin nahiya guda. Waƙar ta yi daɗi, babu musu. Amma mutumin da zai je har wani coci na musamman a Landan domin neman sautin da ya dace da fim ɗinsa, bai kamata ya ɗauki Afirka a matsayin ƙauye ɗaya mai murya ɗaya ba, musamman da yake muryoyin wannan nahiya ne suka ɗaga shi sau biyu a farkon tafiyarsa.

Lambar Oscar ta biyu ba ta zo masa ba sai a 2022, shekara 27 bayan ta farko, saboda kiɗan Dune na Denis Villeneuve. Ya karanta littafin Frank Herbert da aka ciro labarin fim ɗin daga cikinsa tun yana saurayi, kuma saboda wannan aiki ne ya haƙura da Tenet na Nolan. An yi yawancin aikin a lokacin kullen korona, makaɗan kowa na gidansa yana turo nasa ta intanet. Pedro Eustache, ɗan Benezuwela, ya ƙera kayan busa da bututun roba irin na masu gyaran famfo, Tina Guo ta kaɗa babban gogen Turawa da ake kira selo ta hanyar da ba a saba ji ba, Loire Cotler kuma ta yi wannan kururuwar da ta zama tambarin fim ɗin. A daren da aka ba da lambar yana birnin Amsterdam a rangadin wasa, domin tun 2016 ya fara fita da makaɗansa yana kaɗa ayyukansa a gaban dubban mutane. Abin da ya fi burge ni a waɗannan wasanni shi ne yadda yake tsayawa tsakanin kiɗa da kiɗa ya kira makaɗan da sunansu, ya faɗi ƙasar da suka fito da abin da suka ƙara a aikin, kuma Lebo M da Lisa Gerrard duk sun hau wannan dandamali tare da shi sun rera abin da suka rera a finafinan.

Roƙona ga wannan jarida, Malam Edita, shi ne idan za ku yi rubutu a kan Zimmer ko waninsa a shafinku na nishaɗi, ku wuce labarin mako biyu da kora takwas, ku kawo wa masu karatu sunan Stanley Myers da shekarun da aka yi a Lillie Yard. Haka kuma idan wakilanku za su yi sharhin fim, na waje ne ko na gida, su daure su zauna har jerin sunayen ƙarshe ya gama wucewa, su rubuto mana wanda ya tsara kiɗan, da wanda ya rera, da wanda ya busa.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Zariya